Kunnen Jelar Jirgin Yaya

Mun tashi da asuba daga unguwar Takur a Dutse, ni da wani abokina makanike, a kan babur ɗinsa mai tari kamar tsoho. Ƙauyenmu muka nufa, can bayan Kiyawa, inda jirgin saman da marigayi yayana ya ƙera yake ajiye.

Da injin mota da bututun ƙarfe Yaya ya haɗa shi. Bai taɓa tashi ba, amma yana gudu a fili, sai dai kullum hagu yake ja. Ya gwada sifirin a wayar jela, ya gwada roba, duk a banza. Daga baya ya liƙa ɗan gwangwani a bayan jelar, ya sa masa suna kunne, yana lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan. A wayarmu ta ƙarshe ya ce ya samu daidai ɗin. Wannan lanƙwasar na je aunowa, don in ƙarasa aikinsa.

A Kiyawa muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya tambayi mai suyar ko bai gama girma ba ne. Ta ce ya je ya tambayi farashin wake. Daga nan muka sauka daga kwalta, gero ya kai kafaɗa hagu da dama, taɓo ya sa muka yi ta turin babur. Wallahi duk hanyar Yaya nake tunani.

Inna ta tare mu da fura. Yaya ɗan farinta ne, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, balle ta yabi jirgin. Amma na same shi bayan rumbu a goge tas, an rufe da buhuna. Na zagaya wajen jela. Kunnen a miƙe yake sambal.

"Na ga ya lanƙwashe ne," in ji Inna. "Na ce kada ka zo ka tarar da kayan wancan a lalace, na sa maƙeri ya buge shi."

Ta tsaya tana kallona.

Na ce, "Kin kyauta, Inna. Ya yi kyau."

Sai da ta shiga ɗaki na yi kukana.

Da la'asar muka shigo Dutse, ban auno komai ba. Na dai koyi cewa ba ni kaɗai nake kewarsa ba. Hannun Yaya na je nema a jikin gwangwanin nan, na tarar da na Inna.