Uku Sama, Ɗaya Ƙasa

Ban taɓa son tatsuniyar Iya ba. Kakata ce ta wajen uba, a Aujara, masaƙiyar gwado da majanyi. Bayan magariba takan tara mu bakin murhu. Sauran jikoki su baje suna sauraro, ni kuwa ta turo mini ƙoƙon wake fari da ja in jera a ƙasa: ja inda zare zai hau, fari inda zai nutse. Haka take tsara saƙa kafin ta taɓa zare.

"Ke mai gaggawar uwarta," takan ce, "hannu na aiki, kunne na nan."

Tatsuniya guda ɗaya take maimaita mini. Wai wata mata ce ta so majanyinta ya fi na kowa ado, sai ta bar zare ɗaya ya tsallake tara ba ɗauri. Ado ya fito, gari ya yaba. Ran nan ta goya ɗanta za ta ƙetare rafi, ƙaya ta kama zaren nan mai lilo. Tana tafiya yana warwarewa, ba ta sani ba. A tsakiyar ruwa ta ji bayanta sakayau.

Iya ba ta taɓa faɗin ko an tsamo yaron ba. Sai ta leƙo wakena, ta sa ƙafa ta watsar.

"Ja biyar a jere? Kin kashe shi. Sake!"

Ina kuka ina tsince wake cikin toka, 'yan'uwana na dariya.

Yanzu ina Dutse da ɗana Sadiƙu, watansa biyar. Ina zuwa ajin mata inda ake koya mana zana tsarin saƙa a takarda mai gida-gida. Karatuna bai yi nisa ba, amma da ganin takardar na gane wake ne. Shekaranjiya Malama ta duba zanena ta ce, "Maman Sadiƙu, bar zaren ya tsallake bakwai mana, furen zai fi fitowa."

Na kai hannu baya na shafa ƙafar Sadiƙu.

"Malama, majanyin goyo ne."

Har yau ban yafe wa Iya ƙafar nan da tokar nan ba. Tana iya koya mini ba tare da ta nutsar da jariri a kaina ba. Amma majanyin da zan ɗaure Sadiƙu da shi, uku sama ne, ɗaya ƙasa, kuma sau biyu na ƙirga.