Kai da Ba Ka da Iyali

Muhyiddeen bakaniken babura ne a Gaya, ɗan asalin Toranke. Ya jinkirta aure saboda yana son tafiya Ƙatar neman aiki. Abokinsa da ke can ya ce masa, "Kai da ba ka da iyali, kuɗin shanu uku ya ishe ka."

Ya yi fasfo, ya sayi maruƙa uku ya kai kiwo Toranke, wurin Kawu Da'u, ƙanin mahaifiyarsa. Nan ya yi kuskure, domin duk dangi na kallon su suna ƙiba.

Da aka kwantar da matar yayan Muhyiddeen a asibiti, aka sayar da ɗaya. Da ruwa ya rushe ɗakin Kawu, na biyu ya tafi. Ba wanda ya ƙwace, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

Bana wa'adin fasfon ya ƙare, ko hatimi ɗaya babu a ciki. Jiya Kawu ya zo gareji da maganar kuɗin takin zamani.

Muhyiddeen ya ce, "Kawu, bijimi ɗaya ya rage mini."

Kawu ya ce, "To ɗana, kai da ba ka da iyali?"