Malam Yakubu da rumfar da aka riga aka hura wa wuta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata ina gaban tanda ina juya masa sai ga aike daga matar Malam Yakubu, wai ya faɗi a hanyar masallaci, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Masar nan ta ƙone ban ma sani ba.

Ku yi haƙuri da rubutuna, bokona bai yi nisa ba. Malam Yakubu maƙwabcinmu ne a nan garin Yara, tsohon akanta. Shi ke koya wa 'yata Hajara karatun jarabawar akanta a zaurensa, don Allah kawai.

Sau biyu tana faɗuwa a takarda ɗaya. Akwai tambayar da ke rikita ta: in gobara ta ci ofis da kwamfutocinsa, ina za a koma a ci gaba da aiki? Wai akwai wuri mai zafi, akwai mai sanyi. Kullum sai ta juya su, ta ce mai sanyin ne shiryayye. Wata rana na kai musu masa, har na goya mata baya, na ce, "Malam, ai sanyi shi ne alheri, wa ke son zafi?"

Ya yi dariya har ya cire gilashi. Ya ce, "Maman Hajara, ashe ke ce kike kayar min da ɗaliba. In rumfarki ta rushe yau, wanne kike so? Wata rumfa da an riga an hura wuta, ƙullu na jira, ko ɗaki fanko da sai kin nemo murhu?"

Na ce mai wutar mana.

Ya ce, "To shi ne mai zafi. Amma yana cin itace ko ba a suya, ba kowa ke iya riƙe shi ba. Mai sanyi ba ya cin komai, sai dai kafin ki shirya masu saye sun watse."

Haka yake, ba ya raina tambayar kowa.

A wajen gaisuwa wata ta ce Allah ya sanyaya makwancinsa, Hajara ta tashi ta fita da kuka. Tun ranar ba ta buɗe littafi ba. Saura kwana tara, ta ce ba za ta zauna jarabawar ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, ko kallona ba ta yi. Ni kuma littafin ko a juye yake ba zan gane ba.

Allah ya jiƙan Malam, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, ya tsaya musu. In kuma akwai wanda ya taɓa zama a zauren nan ya ci jarabawar, don Allah ya zo ya yi wa Hajara magana. Gidanmu ne mai kallon nasa.