Kunyar Ɗan Fari a Ɗakin Awo

Mutanena 'yan aji ɗaya, ku matso. Ni fa har gobe ban manta da wata Talata a daminar bara ba, lokacin ina firaktikal, wato koyon aiki, a wani ƙaramin asibiti kusa da garin Ƙofa. Talata ranar awon yara ce. Tsarin shi ne, mu ɗalibai mu auna yaro mu yi wa uwa tambayoyi, sannan mu miƙa su ga incaji, shugabar asibitin, Anti Ladidi.

Sai ga wata matashiya, Hafsatu, da surukarta Iya. Iya ce ke riƙe da jaririn, ɗan wata bakwai, ido ya zurma, maɗiga ta faɗa. Gudawa ce, kuma ruwan jikinsa na ƙarewa.

Na ce, "'Yar uwa, yaushe ya fara?" Shiru, kamar an ɗauke wuta. "Yana shan nono?" Ta kafa wa bango ido.

Iya ta ce, "Lafiya lau yake, haƙori ne kawai."

Anti Ladidi ta leƙo. "Zainab, me uwar ta ce? Sai mun ji abin da yake sha a gida, in ba haka ba gobe ma a nan za mu gan shi, ko mu ji mummunan labari."

Nan take kaina ya kawo wuta. Ni ma fa 'yar fari ce. Ummata ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke yarinyar nan". Hafsatu ba taurin kai take ba, kunyar ɗan fari ce, ga kuma suruka a zaune.

Na raɗa wa Anti dabarar raba su, ta ce in gwada. Na durƙusa na ce, "Iya, maganin nan sai hannun manya. Ku zo Anti ta nuna muku haɗin ruwan gishiri da sukari."

"Ja'ira, daɗin baki kamar dillaliya," in ji ta. Ta dire min mijin nata, wato jikan, ta bi Anti baranda.

Ƙofa na rufuwa Hafsatu ta fizge shi daga hannuna ta rungume. Magana ta ɓalle. Tun shekaranjiya yake zawo, an ce nononta ne ya lalace, an hana ta ba shi, sai jiƙo. Tana faɗa tana hawaye.

Na ce, "Nononki garau yake, shi ne ma maganin farko. Ba shi yanzu, ba mai kallo." Ai kuwa gogan ya kama ba wasa.

Anti ta bi da Iya a hankali har ta yarda: nono ba fashi, ruwan haɗin kaɗan-kaɗan da cokali, ga ƙwayar zinki mai rage gudawa, in ya ƙi sha ko ya galabaita a dawo da shi shaf-shaf. Mun riƙe su har idonsa ya washe.

Talatar da ta zagayo aka zo da jaririn yana ta wutsil-wutsil. Hafsatu ta wuce ni fuska a ɗaure, ta sunkuyo kamar tana gyara takalmi, ta ce, "Sadiku sunansa."

To kun ji aikinmu. In uwa ta yi shiru, kar ku yi saurin cewa ba ta damu ba, ku duba wa ke zaune kusa da ita. Ranar na kira Umma na ba ta labari kaf. Ta ce, "Ke yarinyar nan, kin dai ci abinci?"