Fadar da Yaya Auwalu Ya Gina

Ranar Laraba ce, mako biyu bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji uku na firamare. Ruwan asuba ya bar tsakar gidanmu na Agege da taɓo, fatun layya da aka shanya a kan katanga suna ta wari. Yayana Auwalu ya fito daga ɗakinmu cikin kayan makaranta, riƙe da katako da hannu biyu, yana taka ƙasa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A kan katakon akwai fada ta laka: ganuwa, ƙofa mai baka, da doguwar hasumiya wadda ya gutsure wa kai da gangan. Ni ina biye da shi da jakunkunanmu biyu, ina ce wa yaran gidan su ba da hanya. Ba mu kai zaure ba Alhaji mai gidan ya ɗaga labulensa ya ce, "Kai, kawo nan in gani."

Asalin fadar a murfin gwangwanin biskit yake. Maƙwabciyarmu Mama Talatu, 'yar kudancin Kaduna da ke girki a gidan wasu limaman coci Turawa, ita ta ba Inna gwangwanin, Inna ta mai da shi ma'ajiyar zare da allura. A murfin akwai hoton tsohon gini na dutse a bakin kogi, ciyawa kore shar ta kewaye shi. Mama Talatu ta ce ƙasar iyayen gidanta ce, Ayilan, inda ruwan sama ba ya hutawa. Sauran yara suna langa da ƙwallon tsumma a bakin titin jirgin ƙasa, mu mata muna carafke a gindin katanga, Yaya kuwa yana zaune da murfin nan a cinya yana bin layin duwatsun da yatsa.

A shekarar ce aka sanar cewa za a kai 'yan aji shida, wato ajin su Yaya, Badagry su ga tsofaffin gine-gine da bakin teku. Ƙaramar bas ta danfo ɗaya makaranta ta samu, saboda haka sai wanda aikin hannunsa ya yi fice zai shiga. Yaya a Legas aka haife shi, amma bai taɓa ganin teku ba, bai kuma taɓa shiga ginin da ya girmi kakansa ba. Ya sa wa ransa tafiyar nan. Kullum in mun gama ɗiban ruwa da wanke-wanke, sai mu je bayan titin jirgi mu haƙo jar ƙasa. Ni nake tankaɗe ta da tsohuwar rariyar Inna, shi yana kwaɓa ta da kashin shanu da yankakkiyar ciyawa don kada ta tsage. Ya farfasa tsakuwar titin jirgi ya jera ta ɗaya bayan ɗaya a jikin ganuwar. Tagogin ya tsaga su da tsinken tsintsiya, sirara. Da na ce ya gyara kan hasumiyar, sai ya ce, "Haka take a hoto. An yi yaƙi a wurin, ba za a ɓoye ba."

Alhaji dillalin shanu ne a Oko-Oba. Shi ya kawo Baba daga arewa, ya sama masa dakon nama a mayanka, ya ba mu ɗaki a gidansa. Ɗansa Kabiru ajinsu ɗaya da Yaya. Da Alhaji ya juya katakon ya duba gaba da baya, sai ya ƙwala wa Kabiru kira ya miƙa masa. Ya ce, "Ƙasar gidana ce, ruwan rijiyata ne. Oya, maza, kai ka kai makaranta." Yaya ya waiwaya ya dubi Baba, wanda ke tsaye yana sa takalmin roba na aiki. Baba bai ɗago ba, ya ce, "Bar masa, ai ɗan'uwanka ne." Sai Yaya ya dubi Inna. Shi ne ɗanta na fari, kuma a al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta tsaya masa a gaban mutane. Ta ce da ni, ba da shi ba, "Gaya wa wancan ya yi haƙuri, zai gina wata." Ta ci gaba da fifita wutar da ta riga ta kama.

Mutum ɗaya ce ta buɗe baki a gidan nan, Mama Talatu. Ta tsaya a ƙofar Alhaji da zani a ƙirji ta ce, "Alhaji, wannan abu ba kyau fa. Allah yana gani." Kafin wata ya ƙare ta kwashe kayanta ta bar gidan.

Kabiru ya tafi Badagry, ya dawo da bawon katantanwar teku cike da aljihu yana rarraba wa yara. An ɗora fadar a kan kabad a ofishin hedimasta da sunan Kabiru a jiki. Yaya yana cikin masu sharar ofishin duk ranar Litinin. Bai gina wata ba. Bai sake taɓa murfin gwangwanin ba. Da ya gama firamare ya bi Baba mayanka, daga baya ya koma okada, wato achaɓa, tsakanin Isolo da Oshodi, inda wata tirela ta murƙushe shi yana da ƙuruciyarsa.

Ni kuwa daga wannan Larabar ban sake durƙusa wa Alhaji ba. In na gan shi a zaure sai in wuce a miƙe, ina kallon tsakiyar idonsa. Inna ta dake ni a kan haka har ta gaji, tana cewa, "Haƙuri maganin zaman duniya." Ina jin ta, amma na ga abin da haƙuri ya yi wa Yaya. Ranar jana'izar Yaya, Alhaji ne a sahun gaba yana karɓar gaisuwa. Da aka fita da makara, Inna ta dafa bango ta ce, "Auwalu." Ranar na fara jin sunan a bakinta, lokacin da ba zai amsa ba.

Yanzu aure ya kawo ni Ayilan, ina aikin kula da tsofaffi. Kwanakin baya Kabiru ya turo mini saƙon murya: Alhaji yana kwance, jiki ya yi tsanani, yana neman gafarar duk wanda ya taɓa zama a gidansa. "Hajara, Baba ya ce ki yafe masa, in akwai wani abu." In akwai. Na kife wayar. Sai na roƙi maigidana ya raka ni wani ƙaramin gari da na ji an ce yana da tsohuwar fada a bakin kogi.

Ban san ko ita ce ta murfin gwangwanin ba, amma tagoginta sirara ne kamar tsagin tsinken tsintsiya, kan hasumiyarta kuma a gutsure yake. Dutsen yana da sanyi da danshi, hankaki suna ta kuka a sama. Matar da ke zagawa da baƙi ta nuna mana wani rami a saman ƙofar shiga, ta ce ta nan mutanen dā ke sako duwatsu da tafasasshen ruwa a kan wanda ya zo ƙwace musu gida. Sauran baƙi suka yi dariya suka wuce. Ni na daɗe a tsaye ina leƙa ramin, kuma na san hular wanda zuciyata ke nuna mini a ƙasa: ta Alhaji ce.

A saman hasumiyar na ɗauki hoton ganuwar na tura wa Kabiru, sannan na danna saƙon murya na yi magana a hankali: "Ka gaya wa Alhaji ni bai ɗauki komai nawa ba. Mai abin yana maƙabartar Agege. Sun kusa haɗuwa, sai ya tambaye shi da kansa."

A dā muna da laka da tsakuwa da hoto a murfin gwangwani, ina da yayan da zai nuna mini inda aka yi yaƙi. Yau ga dutsen gaske a ƙarƙashin tafin hannuna, ga kogin, ga ciyawar, ba wanda zan ce wa ya zo ya gani. Na sauko a hankali, hannuna biyu a gaba, kamar ina ɗauke da katako.