Jirgin da ban hau ba ranar jana'izar Balarabe

A wannan watan aminina Injiniya Balarabe ya cika shekara goma da rasuwa, kuma shekara goma ke nan ina barin mutane suna zaton aiki ne ya hana ni samun jana'izarsa. Ba aiki ba ne. Yau zan faɗi gaskiyar abin da ya faru, amma sai na fara gaya muku ko wane ne Balarabe, in ba haka ba za ku ce tsufa ya fara taɓa ni.

Shi Bazazzagi ne, ni Bakano, to kun san ba a rabuwa da tsokana. A Greenbelt, kusa da Washington a Amurka, muka yi maƙwabtaka, shi yana aikin gadoji, ni ina koyarwa a kwaleji. Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne a Zariya, don haka da aka fara jirgin ƙasa mai gudu tsakanin Washington da New York, sai ka ce shi aka yi wa haihuwa. Ni kuwa mutumin jirgin sama ne. Nakan ce masa wanda ya tsallako teku ya zo Amurka kuma ya koma hawa jirgin ƙasa, ai da ya yi zamansa a Sabon Gari. Shi kuma ya ce Bakano bai san tafiya ba, tsalle kawai ya iya.

Yi masa rakiya ne ya fara sa ni a jirgin ƙasan nan, ba da niyya ba. Wata safiya na kai shi tasha zai tafi New York, na ɗauki jakarsa na shigar masa da ita ciki kamar yadda muke yi a tashar mota a gida. Na tsaya ina jero saƙon gaisuwa, ka gaida wane, ka yi wa wane barka, shi kuma yana cewa za su ji. Ashe jirgin nan ba ya jiran a gama sallama. Ƙofa ta rufe, ga ni da silifas, motata na waje, sai tashar gaba, Baltimore. Balarabe ya yi dariya har mai duba tikiti ya zo ya taya shi.

A wannan 'yar tafiyar ya yi mini karatun da ya daɗe yana so ya yi. Ya ce kuskurena shi ne ina lissafin tafiya daga tashin jirgi zuwa saukarsa. Tafiya daga ƙofar gidanka take farawa, ta ƙare a ƙofar wanda za ka gani. In ka haɗa cunkoson hanyar filin jirgi, da layin bincike, da cire takalmi, da zaman jira, awa ɗayan nan da kake taƙama da ita ta zama huɗu. Sannan ya zo kan hayaƙi. Ya ce jirgin sama a wajen tashi ya fi shan mai, saboda haka gajeriyar tafiya ita ce mafi ɓarna, kamar a kunna murhu babba don dafa ƙwai ɗaya. Na ce ai wutar lantarkin jirginka ma da kwal ake samar da ita. Bai musa ba. Ya ce wuta ana iya samo ta daga rana ko iska wata rana, amma jirgin sama mai kawai ya sani. Na ce to me ya sa kake hawansa zuwa gida duk shekara? Ya ce, "Lawal, ka shimfiɗa mini dogo a kan teku ka gani."

Ina yawan tambayar kaina abin da zai ce da ya ga yau. Matafiya da yawa tsakanin biranen nan biyu sun bar sama sun dawo ƙasa, kamar yadda ya ce za a yi. Amma tikitin ya yi tsadar da ɗalibaina suka gwammace bas, kuma jirgin da ake kira mai gudu har yanzu yana rage gudu a tsofaffin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da gadoji. Zai ce nasara ce, ko rabin nasara? Ƙasar Sin ta shimfiɗa layukan dogon da a zamaninsa sai dai a mafarki. Ga jirgin Abuja zuwa Kaduna kuma. Wallahi ina so in san ko zai yi murna, ko zai tsaya yana tambayar me ya sa da man dizal yake tafiya. Zatona zai yi duka biyun.

Ranar da ya rasu ina New York wajen wani taro. Ya daɗe yana jinya, amma ban zaci abin ya zo kusa ba. Da hantsi aka kira ni, aka ce za a yi jana'iza bayan la'asar, domin makabartar nan tana da lokacin rufewa, masu haƙa kuma ba sa ƙara minti ɗaya. Tashar jirgin ƙasa tana kusa da ni, da ƙafa ma zan iya zuwa. Na san lissafin Balarabe sarai. Amma zuciyata ta ce awa ɗaya kacal, sai na tari tasi zuwa filin jirgi. Hadari ya haɗu, aka zaunar da mu a cikin jirgi ba tashi ba sauka. Sauri ya haifi nawa. Na isa makabarta mutane suna karkaɗe ƙasa daga hannuwansu. Wani ya ce Allah sarki, aiki ya riƙe ka, ni kuma na gyaɗa kai.

Tun daga ranar ban sake hawa jirgin sama zuwa New York ba. Balarabe bai bar gidaje ba, gadojin da ya yi wa aiki kuma babu sunansa a jiki. Abin da ya bari shi ne mutane irina, da ɗalibaina da ba su taɓa ganinsa ba, waɗanda kafin su yi tafiya sukan tambayi abin da za ta ci na lokaci da abin da za ta bari a iska. Ko wannan ya isa gado, ban sani ba.

Makon jiya na je Upper Marlboro, inda matarsa Hajiya Rabi take zaune yanzu, na gaida ta, na faɗa mata komai, ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Ta ce, "Malam Lawal, ai na sani. Kwana biyu kafin ya rasu ya ce mini, in abin ya zo kana New York kada a ajiye shi saboda kai, jirgin sama za ka hau. Yana faɗa yana dariya. Na ɓoye ne don kada ka ji ciwo."

Allah ya jiƙanka da rahama, Bazazzagi. Gardamar nan kai ka ci, kuma tun kafin ka tafi ka san ka ci.