Tasar Ruwan Yaya Sule a Bakin Layin Dogo

Da safen nan ina zaune da kofin koko a hannu sai ga kiran babban ɗansa. Yaya Sule ya rasu bayan sallar asuba.

Kokon yana nan a gefena har yanzu, ya sandare.

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Na faɗa na sake faɗa, amma zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. Jikata ce ke danna min wannan rubutu a waya, ni ina faɗa mata, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara min magana.

Yaran Agege na yanzu da Baba Injiniya suka san shi, tsohon nan mai gyara musu tocila da rediyo a ƙofar gida. Mu kuwa Sule Gwaji muke ce masa. Ba ɗan'uwana ne na jini ba. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a bakin layin dogo, zamanin da jirgi ke tafiya da kwal yana baɗe mana shanya da baƙin hayaƙi, tun kafin Turawa su tafi.

Lokacin yana saurayi, yana koyon aikin gwangwani wajen wani mai liƙe bokiti da fitilu. Amma hankalinsa ba ya kan bokiti. Duk abin da ya gani sai ya kwance shi ya ga cikinsa, kuma maganarsa ɗaya ce kullum: "Bari mu gwada."

Ya taɓa haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da aci-balbal a ƙasa, ya karɓi ƙwai wajen innarmu da alƙawarin zai dawo mata da 'yan tsaki. Ƙwan suka dahu tsaf. Da yaji muka cinye wannan gwajin, innarmu kuwa ta yi sati ba ta amsa gaisuwarsa.

Ya yi fanka da tayar keke, ana murzawa da hannu. Mai murzawa ya fi mai shan iskar yin gumi.

Ya yi wa babanmu injin wanke goro. Goron da bai fashe ba a tsakar gidan maƙwabta muka tsinto shi.

Ni ce kan gaba wajen yi masa dariya, don bakina bai taɓa mutuwa ba. Shi kuma sai ya ce, "Talatu sarkin masifa, ki bari dai, wata rana za ki zo neman Gwaji."

Na kuwa je.

Ina da ƙanwa, Ladi. Tana ƙarama ta yi wani zazzaɓi mai zafi, da ta tashi sai ta tashi ba ta ji. Maganar ma a hankali ta ɗauke. Ni da ita muka ƙirƙiro yarenmu na hannu, tabarma ɗaya muke kwana, kwano ɗaya muke ci. Ban san wani abu da nake so a duniya kamar yarinyar nan ba.

To, famfon da unguwarmu ke ɗiban ruwa yana tsallaken layi. Makarantar allo ma tana can, haka mai niƙa. Daidai inda muke ƙetarewa kuma layin ya yi kwana, ga rumfunan 'yan goro sun tare ido. Ba ka ganin jirgi sai ya zo kanka. Da kunne kowa ke tsallakawa, in ka ji kukansa ka tsaya.

Wata rana da hantsi Ladi ta ɗauko bokiti ta hau layi, jirgin kaya na ta kuka a bayan rumfuna. Wani ɗan dako ne ya jefar da huhun goron da ke kansa ya fizgo ta. Bokitin dai ba mu ƙara ganinsa da siffar bokiti ba.

A ranar babanmu ya yanke magana. Ya ce garin jirgi ba na kurma ba ne. Bayan Sallah ƙanwarsa za ta koma Arewa, za ta tafi da Ladi ƙauyensu inda babu layin dogo, can za ta girma. Babanmu ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi. Amma in ya faɗi magana ya gama. Innarmu ta shiga ɗaki tana kuka, ta fara ɗaure wa Ladi 'yan kayanta a tsumma.

A can babu wanda ya san yarenmu. Wannan ne abin da ya hana ni barci. In tana jin yunwa wa za ta gaya wa, in an zalunce ta wa zai gane?

Na sami Yaya Sule a gindin katanga yana fama da wani mataccen agogo. Ban yi masa sallama ba ma. Na ce tunda ya iya dafa ƙwai da fasa goro, ya yi wa ƙanwata kunne in ya isa. Ina faɗa ina kuka, don haushi.

Bai rama ba. Sai ya tambaye ni ko na taɓa lura da randar gidanmu idan jirgi zai wuce. Na ce me ya haɗa ni da kallon randa. Ya ce ruwan ciki yana rawa tun kafin a ji kukan jirgin, ya sha zama yana kallo a tasu randar. Ya ce kunne dai ba zai iya yi mata ba, amma ƙila ido ya wadatar.

Abin da ya haɗa ba wani abin kallo ba ne. Ya samo dogon rodi ya kafa shi a ƙasa can ciki, a gefen hanyar da muke bi, dab da duwatsun layi. A samansa ya liƙa tasa da darma, ya zuba ruwa, ya ajiye ɓallin madubi a ƙasan tasar. Idan rana ta faɗa ciki sai hasken ya faɗa jikin bangon rumfa. Ƙasa na girgiza, ruwa zai motsa, hasken ya kama rawa a bango.

Babanmu ya ce ba zai ɗora ran 'yarsa a kan tasa ba sai ya gwada da kansa.

Ban manta wannan rana ba. Babanmu, Alhaji guda, dillalin goro mai mutunci, ya cusa auduga a kunnuwa, ya naɗe kansa da rawani har wuya, ya zauna a kujera ya ba layi baya ya ƙura wa bango ido. Unguwa ta taru, Hausawa da Yarabawa. Can sai haske ya yi tsalle. Babanmu ya ɗaga hannu da ƙarfi. Kowa ya ja da baya ana jiran jirgi.

Shiru.

Ashe Iya Risi ce, maƙwabciyarmu Bayarabiya mai sayar da abinci, ta fara dakan sakwara a bayan rumfa.

Mutane suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Babanmu ya zare audugarsa ya ce, "Abin da bai san bambancin jirgi da taɓarya ba, shi zan ba amanar 'yata? Tafiya tana nan." Ya shige gida.

Na zaci Yaya Sule zai tumɓuke rodinsa don kunya. Washegari sai na gan shi tsugune a gaban tasar tun da safe. Haka jibi, haka gata. Maigidansa ya aiko a kira shi ya ƙi zuwa. Yana kallon ruwan idan ana daka, yana kallonsa idan shanu sun wuce zuwa mahauta, yana kallonsa idan jirgi ya zo.

Ladi ta fara zuwa ta tsuguna kusa da shi. Ita ce ta nuna masa abin da ta gani. Ta buɗe tafin hannu, ta ɗan buga shi da yatsa, ta tsaya, ta sake bugawa: wannan daka ne. Sannan ta ɗaga yatsun ɗaya hannun a saman tafin tana kaɗa su ƙanana-ƙanana ba tsayawa: wannan jirgi ne. Yaya Sule ya dube ni ya ce, "Tasar ba ta yi ƙarya ba, Talatu. Mu ne ba mu iya karanta ta ba."

Daga ranar wannan kaɗa yatsun a saman tafi ya zama sunansa a yarenmu. Har yau haka muke kiransa.

Ya je ya durƙusa gaban babanmu ya roƙi a sake gwadawa, amma wannan karon Ladi za a zaunar. Ya kuma je da kansa ya roƙi Iya Risi ta yi daka da gangan, iya ƙarfinta. Matar nan, Allah ya jiƙanta, ta ɗaura ɗamara ta ce, "Oya, yau sai turmin nan ya fashe."

Aka zaunar da Ladi ta ba layi baya. Iya Risi ta yi ta kirɓa, haske na tsalle a bango, Ladi ko gezau. Samari suka gangaro da durom ɗin ruwa ta gefen hanya, ta dube su ta taɓe baki. Ni kuwa ina tsaye kusa da ita.

Can ta miƙe zumbur, ta damƙi zanena ta ja ni baya, ta ɗaga hannu. Babu wanda ya ji komai. Wani har ya fara cewa an sake kuskure. Sai ga kukan jirgi daga bayan kwana.

Babanmu ya sa aka maimaita washegari, aka sake maimaitawa, da rana da kuma ranar da hadari ya rufe sama, wadda ruwan tasar kawai ta kalla. Ba ta kuskure ba. Ana saura kaɗan Sallah ya leƙa ɗakin innarmu ya ce a kwance kayan yarinyar nan, tsumman ma ana bukatarsa.

Innarmu ta soya ƙwai ta aika wa Yaya Sule, ta ce a gaya masa wannan da gangan aka dafa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne wahalar da ta biyo baya. Tasa ba ta cika kanta. Rana na shanye ruwan, awaki na sha, yara na wasa da shi. Kullum kafin ya tafi aiki sai ya zo ya wanke ta ya zuba sabon ruwa, ya goge madubin. Ya saƙa mata murfin waya saboda awaki. Haka ya yi ta yi shekara da shekaru, har aka kawo famfo ɓangarenmu. Tsofaffin da kunnensu ya yi nauyi ma suka koma leƙa tasar kafin su tsallaka. Bai taɓa karɓar ko goro ɗaya a kan wannan ba.

Kada wani ya tambaye ni a ƙasan rubutun nan ko ya aure ta. Bai aure ta ba. Ladi ta auri wani mahauci mutumin kirki, ta haifi 'ya'ya, ga jikoki har da tattaɓa-kunne, duk a nan Agege. Tun da mazajenmu suka rasu muka dawo gida ɗaya, ni da ita.

Ganinmu na ƙarshe da shi kafin azumin da ya wuce ne. Muka hau keke-napep ni da Ladi muka je gaishe shi. Tsufa ya cinye masa kunne gaba ɗaya. 'Ya'yansa sun saya masa na'urar ji mai tsada, muka tarar da ita a kan faranti gunduwa-gunduwa, wai yana son ya ga abin da ke ciki.

Na yi ta ɗaga murya ina gaishe shi, yana kallona yana murmushi. Sai ya juya wajen Ladi suka kama hira da hannu, suna dariya, suna tafawa. Ni mai baki aka bar ni ina kallon silin.

Da za mu tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Sarkin masifa, da ke ce tafintarmu, yanzu kin rasa aiki." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai yanzu na san inda Ladi take zaune tun tana yarinya. Da an kai ta inda ba mai jin hannunta, da an cuce ta."

Na ce masa dai ya haɗa na'urar mutane, ya ce bari ya gwada.

Da safen nan, bayan na ajiye waya, abin da ya fi min nauyi shi ne gaya wa Ladi. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na taɓa kafaɗarta ta ɗago. Na buɗe tafina na kaɗa yatsu a samansa, ta yi murmushi, tana zaton saƙon gaisuwa ne. Sai na kwantar da yatsun a kan tafin na bar su.

Ta daɗe tana kallon hannuna. Ta kama yatsuna ta ɗaga su, ta kaɗa su da kanta. Na girgiza mata kai. A hankali ta sake ni, ta ture farantin waken gefe, ta ɗaga tafukanta biyu sama.

Ya Allah, ga bawanka Sule ya zo gare ka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa kowane ruwa da ya zuba a tasar nan ya zame masa nauyi a mizani. Yadda ya sa ba a raba ni da 'yar'uwata ba, kada ka raba shi da rahamarka. Ka ba iyalansa haƙuri.

Za a yi jana'iza bayan sallar azahar. Wanda ya karanta wannan, ko ya san shi ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a. Ku sa da Ladi a ciki, tun ɗazu ba ta sauke hannunta ba.